Ga mai burin zana motar kansa

Ƙanena, ka ce tun kana firamare kake cika bayan littafinka da zanen mota, kana tambayar ta ina za ka fara. Burinka ba shirme ba ne. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato zanen gine-gine ya fara karantawa a Birnin Kebbi kafin ya wuce birnin Detroit na Amurka, daga baya ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors.

Ni dai bakanike ne a Bauchi. Kada ka ajiye biro, amma ka shigo gareji. Kwanta ƙarƙashin mota ka ga yadda ramuka ke cinye shakazoba, ka ga lagireto na tafasa a zafin Afrilu. Don Allah wadda za ka zana mana ka ɗaga cikinta, ta ɗauki buhun masara biyar ba ta durƙusa ba. Kanikanci a jami'a kuwa, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) nan kusa.