Likita ya ce mahaifina na da cutar mantuwa: shin ikon dukiyarsa ya dawo hannuna?

Malam, Allah ya ba mahaifinku sauƙi. Ka rubuto cewa likita ya tabbatar yana fama da cutar mantuwa, kuma tun da kai ne babban ɗa, kana ganin lokaci ya yi da za ka karɓi asusunsa na banki da takardun gidajensa, ga kuma ƙaninka yana matsawa a raba dukiyar tun yanzu. Amsata ta gaba ɗaya ce, domin hukunci kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Akwai kuskure a fahimtarka, kuma daga nan ya kamata mu fara. Takardar likita ba ta ɗauke wa mutum ikon tasarrufi da dukiyarsa, zama babban ɗa kuma bai ba ka wannan iko ba. A mafi yawan dokoki ana ɗaukar baligi a matsayin mai cikakken hankali har sai an tabbatar da akasin haka, kuma ana auna hankalin ne a kan kowane al'amari daban, a lokacin da ake yanke shi. Mutum na iya manta abin da aka faɗa masa da safe, amma ya san gidajensa, ya san 'ya'yansa, ya kuma san abin da yake so a yi da su. A shari'ar Banks da Goodfellow ta 1870, wadda kotunan ƙasashen da suka gaji dokar Ingila ke kafa hujja da ita har yau, an amince da wasiyyar mutumin da ke da taɓin hankali, saboda ya fahimci abin da yake rubutawa, da yawan dukiyarsa, da waɗanda ke da haƙƙi a kansa. Saboda haka, in ka sa hannu da sunansa ko ka cire kuɗi da katinsa ba da izininsa ba, kana iya fuskantar zargin laifi, ko da asibitinsa ka biya da kuɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci, domin cutar gaba take ci. Idan har yanzu yana fahimta, shi da kansa ya kamata ya zaɓi wakilinsa, ya rubuta wasiyya in yana so, ya bayyana basussukansa da irin jinyar da ya yarda da ita. Ku yi hakan gaban lauyan da shi ya zaɓa da shaidun da ba su da rabo a dukiyar, likita kuma ya rubuta halin da ya same shi a ranar. Sai dai ka lura cewa takardar wakilci ta yau da kullum, a wurare da dama, tana mutuwa ne da zarar hankalin mai bayarwa ya gushe, wato daidai lokacin da ake buƙatarta. Ingila ta magance wannan da wakilci mai ɗorewa a dokarta ta 2005, amma kada ka ɗauka kowace ƙasa na da irinsa; lauyanku ya duba.

Game da ƙaninka, ban ga dalilin gaggawarsa ba. Ba a gadon mai rai. A shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Kyautar da aka karɓa daga hannun wanda hankalinsa ke rawa kuwa, da wuya ta tsaya in aka ƙalubalance ta.

Idan hankalin ya riga ya gushe, alƙali ne ke naɗa mai kula da dukiyar, bayan ya ga shaidar likita, kuma wanda aka naɗa zai ba da lissafi. Shawarata ita ce kada ku isa kotu kuna jayayya, domin alƙali na iya naɗa wanda ba kai ba. Ku zauna da mahaifiyarku da dukkan 'yan'uwa maza da mata, tare da mai shiga tsakani da kowa ya aminta da shi, ku amince da mutum ɗaya ko biyu a rubuce, sannan ku kai wa kotu ta tabbatar. Kafin nan, duk abin da ka kashe a jinyarsa ka rubuta kwanan wata, ka adana rasit.