Kada ka goge kwamfutar, abin bai kai can ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka: kana kan Ubuntu 22.04, abokinka ya ba ka fayil ɗin .deb, wato fayil ɗin saka manhaja, a filash, ka saka shi da sudo dpkg -i, kwamfuta ta ce babu libssl1.1, tun daga nan kuma duk abin da ka nemi sakawa sai apt ta tsaya tana cewa "unmet dependencies". Shi ne kake so ka goge komai ka ɗora sabo. Dakata tukuna. Ni da nake gyaran kwamfuta a wajen Terminus a nan Jos, irin wannan ba ya ɗaukar mini minti goma.

Manhaja a Linux ba ta zuwa da kayan aikinta duka. Akwai fayilolin da manhajoji da yawa suke tarayya a kansu, kamar gidan haya mai rijiya ɗaya. Shi dpkg ɗan dako ne, abin da ka ɗora masa shi zai sauke, ba ya zuwa neman abin da ya rage. Ita apt ce take duba abin da manhaja ke buƙata ta je ma'ajiyar Ubuntu ta ɗauko. Yanzu dpkg ya sauke maka kaya rabi da rabi, apt kuma ba za ta taɓa wani aiki ba sai an warware wannan.

Fayil ɗin abokin naka na tsohuwar Ubuntu ne. A 20.04 ake da libssl1.1, fayil ɗin OpenSSL da manhajoji ke tarayya a kansa don tsaron sadarwa, ita 22.04 ta koma OpenSSL 3, wato libssl3, don haka ko ka kwana kana nema a ma'ajiyarta ba za ka samu ba. Ka rubuta sudo apt --fix-broken install. Za ta ce za ta cire manhajar da ka saka, ka bar ta ta cire. Sai ka yi sudo apt update, ka je shafin masu manhajar ka ɗauko wadda aka yi wa 22.04, wani wurin za ka ga sun rubuta jammy, sunanta ke nan. Wannan karon da sudo apt install ./suna.deb za ka saka. Kada ka manta ɗigon nan da sandar (./) da ke gaban sunan fayil ɗin, su ne suke gaya wa apt cewa fayil ne a kwamfutarka.

Na san wasu za su ce maka ka ɗauko libssl1.1 na 20.04 ka cusa. Yakan yi aiki, ba zan yi maka ƙarya ba, amma masu OpenSSL sun daina yi wa jerin 1.1.1 gyaran tsaro na kyauta tun Satumbar 2023, kuma wanda ka cusa da hannu ba mai sabunta maka shi. Wanda na fi jin tsoro shi ne a ce ka ƙara layin wata Ubuntu a cikin sources.list, fayil ɗin da ke gaya wa apt ma'ajiyar da za ta je ɗauko kaya. Wannan ni ya ci ni.

Lokacin ina kan 20.04, wata manhaja ta ce sai sabon libc6, shi ma irin fayilolin tarayyar nan ne, nawa 2.31 ne, na 22.04 kuwa 2.35. Na ƙara layin jammy, na ce ai abu ɗaya kawai zan ɗauka. Dare ya yi, sanyin Jos ya fara shiga ƙashi, ina sauri in rufe shago. Apt ta jero mini sunaye cike da allo ƙarƙashin "will be REMOVED", ban karanta ba na danna Y. Da safe na kunna, allo baƙi ƙirin, sai wurin rubuta umarni. Ashe har fuskar kwamfutar tana cikin abin da na amince a cire, domin kusan komai a kan libc6 yake tsaye. Ga ɗalibai a bakin ƙofa da aikinsu. Ranar dai na sake ɗorawa dole. Tun daga nan, in ina shakka sai na ƙara -s a umarnin, apt ta nuna mini abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba.

Abu biyu na nan gida. In aka ɗauke wuta ana cikin sakawa, kuma batirinka irin nawa ne, sudo dpkg --configure -a ne zai ƙarasa abin da ya tsaya. Sannan in masu manhajar ba su yi ta 22.04 ba, duba ko akwai ta a Flatpak ko Snap, su da kayansu suke zuwa, ba ruwansu da rijiyar gida. Sai dai saukarwar farko tana iya cin ɗaruruwan megabait, ka jira datar dare.

In ka yi duk wannan ta ƙi, turo abin da cat /etc/os-release ta nuna, da saƙon kuskuren gaba ɗaya daga layin farko. Kwafo rubutun za ka yi, don Allah ba hoton allo da waya ba, idona ba kamar da ba.