Shin Sanya wa Kare Tufafin Halloween Yana Cutar da Shi?

Ka tambaya ko tufafin ado da ake sanya wa karnuka a Amurka ranar bikin Halloween, 31 ga Oktoba, suna cutar da su. Hakan ya danganta da irin tufafin da kuma halin karen. A birnin New York har jerin gwano ake yi wa karnuka masu shigar kabewa ko ta jemage.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi, domin kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai dai ya riƙa haki don ya huce, saboda haka riga mai kauri ko abin da ya rufe masa baki na iya galabaitar da shi cikin ɗan lokaci, musamman mai gajeren hanci irin bulldog. Kada tufafin su matse masa wuya, kada kuma su kasance da maɓallan da zai iya haɗiyewa. Idan ya sandare wuri ɗaya ko ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafunsa, a cire masa nan take. A nisanta shi kuma da cakulan da ake raba wa yara a daren, domin guba ne a gare shi.