Ɗana ya ce dambe a kan ƙwallo shi ne kishin kulob

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 16 ya maƙale wa wani fim mai suna Green Street, har shi da abokansa sun laƙaba wa kansu sunan gungu. A makon jiya ya dawo daga gidan kallon ƙwallo da kumburarren leɓe, da na yi masa faɗa sai ya ce ai haka magoya baya na gaskiya suke yi a Ingila. Da gaske ne, ko fim ne ya ruɗe shi? Daga wani uba a Kano.

AMSA: Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Gungun 'yan dabar ƙwallo sun wanzu a Ingila, musamman daga shekarun 1970 zuwa 1980, kuma gungun da ke cikin fim ɗin na 2005 an kwaikwayo shi ne daga Inter City Firm, wato 'yan dabar da suka raɓu da West Ham. Iyakar gaskiyar yaron ke nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "kishin kulob", wadda nake ji kusan kullum daga bakin ɗalibai. Masu yaɗa ta a Facebook da TikTok sukan yanko minti biyu na dambe, su ɗora masa kiɗa, su jefar da ƙarshen labarin, alhali a Green Street ɗin kansa jagoran gungun duka aka yi masa har ya mutu a gaban abokansa. Wanda yake son ganin ainihin lamarin ya nemi The Firm na 1989, wanda Alan Clarke ya shirya wa BBC. Jarumin, Gary Oldman, ya fito a matsayin dillalin gidaje mai mata da ɗa da rufin asiri, ba zauna-gari-banza ba, kuma da ƙyar za ka ga ana taka leda a fim ɗin, domin mutumin faɗan yake so, ƙwallon fakewa ce kawai. Akwai inda ɗansa ƙarami ya tsinci wuƙar da uban yake fita faɗa da ita, ya sa a baki ya yanke, kuma ban taɓa ganin masu yanke-yanken nan sun ɗora wannan wurin ba.

Haɗarin wannan ruɗi shi ne yana koya wa yaro cewa faɗan yana da ƙa'ida, a daku a tashi a kakkaɓe riga. Naushi ɗaya ya isa ya kai mutum ƙasa, ƙeyarsa ta bugi siminti, shi ke nan sai jana'iza. A filin Heysel da ke Beljiyam, ranar 29 ga Mayu 1985, wasu magoya bayan Liverpool sun auka wa ɓangaren da 'yan Juventus suke, katanga ta rushe, mutum 39 suka mutu, aka haramta wa kulob-kulob ɗin Ingila wasannin Turai har shekara biyar. Wane kishi ne zai jawo wa kulob ɗinka wannan? A yau kotu a Ingila takan hana irin waɗannan mutane shiga filin wasa na shekaru, har ta sa su miƙa fasfo idan ƙasar za ta buga wasa a waje.

Kada ka ƙwace wayar, Alhaji, domin zai kalla a ta abokinsa. Ka zaunar da shi ku kalli Green Street ɗin tare har zuwa inda aka kashe jagoran, sannan ka tambaye shi wa ya ci riba. Bayan haka ka je ka ga mai gidan kallon da kanka, ka ji su wane ne sauran yaran, ka nemi iyayensu kafin wasan mako mai zuwa.