Alewar mashmalo da Rice Krispies a ɗakin hostel: me ya sa take yin tauri?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina shekarar farko a wata jami'a a Amurka, a hostel nake zaune. An hana mu ajiye murhun lantarki a ɗaki, sai ƙaramin firji da na'urar ɗumama abinci. Abokiyar zamana tana haɗa wata alewa da mashmalo da Rice Krispies, wato busasshiyar shinkafar nan mai ƙaras-ƙaras ta karin kumallo, tata laushi, ni kuwa sau biyu ina gwadawa tana fitowa kamar dutse. Ina nake kuskure? Sannan wata ta ce mini akwai alade a cikin mashmalo. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ce ta fi damuna.

Wadda ta faɗa miki ba ta yi ƙarya ba. Mashmalo sukari ne da ruwan zaƙin masara da iska, sai wani abu da ke riƙe su wuri guda, wato jelatin. Kin san yadda romon ƙafar sa yake daskarewa idan ya kwana a sanyi, har ki iya yankarsa da cokali? To wannan shi ne jelatin, daga fata da ƙashin dabba ake tatso shi. A Amurka yawancin mashmalon kantuna, har da Jet-Puffed da ya cika ko'ina, da na alade ake yin su, kuma a bayan leda kalmar jelatin kawai za ki gani, ba a faɗin dabbar. Ita kanta alewar da ake sayarwa a ƙunshe da sunan Kellogg, kamfanin da ya fito da Rice Krispies, tana da jelatin. Tsurar Rice Krispies kuwa babu shi a ciki.

Mafita tana nan. Shagunan Larabawa da na 'yan Pakistan suna kawo mashmalo mai tambarin halal. Akwai Dandies, wanda babu kayan dabba a cikinsa ko kaɗan, sai dai ba ya narkewa ya zama ruwa-ruwa kamar sauran, yana son juyi da ƙarfi. Akwai kuma Marshmallow Fluff na cikin kwalba, wanda da farin ƙwai ake yinsa. Ga ɗaliba ni shi na fi so, domin manyan kantuna da yawa suna da shi, kuma da laushinsa yake zuwa. Duk da haka ki riƙa juya kaya kina karanta bayansa duk lokacin da za ki saya, kamfani yakan canza haɗi.

Sai maganar tauri. Ba sai na ga kwanonki ba, na san wuta ce ta yi yawa. Ki tuna kantun riɗi na gida: ana dafa sukari har ruwansa ya ƙone, shi ya sa idan ya huce yake ƙaras-ƙaras. Wannan alewar akasin haka take so. Narkar da mashmalo kawai ake yi, ba dafawa ba. Kowane daƙiƙa da ya ƙara a wuta bayan ya narke, ruwan cikinsa ne ke tashi, sukarin kuma yana komawa irin na kantu. Yana da zafi ba za ki gane ba, sai ya huce ki ji haƙori ya ƙi shiga.

Wannan haɗin ma'aikatan Kellogg biyu ne suka fito da shi a 1939, Mildred Day da Malitta Jensen, kuma awon da kamfanin ke bayarwa shi ne bota babban cokali 3, mashmalo leda ɗaya mai giram 283, da Rice Krispies kofi 6. Wannan ya yi wa ɗakin mutum biyu yawa. Ki raba biyu: bota cokali ɗaya da rabi, rabin leda, kofi 3. Idan Fluff ne, kwalba mai kimanin giram 200 tana tsayawa a madadin leda guda, kin ga rabinta ya ishe ki.

Ki nemi kwanon gilashi ko na tangaran, babba, wanda ya ninka abin da za ki zuba. Mashmalo yana kumbura a cikin na'ura kamar balan-balan, ƙaramin kwano zai yi miki ambaliya. Kada ki sa ƙarfe, kada kuma ki yi da siririyar roba, zafin sukari yana lanƙwasa ta. Ki fara narkar da bota ita kaɗai, ki jujjuya kwanon ta shafe gefensa. Ki zuba mashmalo da ɗan gishiri, abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ki kunna daƙiƙa 30, wato rabin minti, ki fitar ki juya, ki sake. Kada ki bi mintunan da ke jikin kwali ido rufe, ƙarfin na'urori ba ɗaya ba ne. Lokacin tsayawa shi ne sa'ad da kika ga saura 'yan gudaji suna yawo. Ki ci gaba da juyi a waje, zafin kwanon zai ƙarasa su. Ki kula da hannunki, narkakken mashmalo yana liƙewa a fata yana ƙuna.

Nan take ki juye Rice Krispies, ki riƙa ɗagowa daga ƙasa a hankali har kowace ƙwaya ta samu. Ki juye a mazubin da kika shafa wa bota, ko robar ajiye abinci ma ta yi tunda zafin ya ragu.

A nan ne kuskure na biyu yake, kuma kusan kowa na yinsa: dannewa. Mun saba da tuwo da kantu, hannu yana son ya matse abu ya zauna daram. Waɗannan ƙwayoyin shinkafar kuwa iska ce cike da su, kina matsawa suna farfashewa su zama bulo. Ki shafa bota a yatsunki, ko ki jiƙa su da ruwan sanyi, ki baje saman da ɗan taɓi kamar mai lallashin jariri. Ki bar shi rabin awa a kan tebur kafin ki yanka. Ban da firji, sanyi ma yana sa shi tauri.

Idan kin yi duk wannan bai yi laushi ba, ki duba ledar. Mashmalon da ya daɗe a buɗe ya riga ya bushe, ba ya narkewa da kyau, shi ke sa mutum ya yi ta ƙara masa wuta. Ki matsa guda ɗaya, in bai dawo da sauri ba ki sayi sabo.

Ni nakan watsa soyayyar gyaɗa da aka ɓarza, kamar tafin hannu guda, tare da Rice Krispies ɗin, tana rage zaƙin sosai. Amma ki fara tambayar abokiyar zamanki, a can akwai mutane da yawa da gyaɗa ke yi wa mummunar illa.

A ranar da aka yi ya fi daɗi. In ya ragu ki rufe shi ruf, kada ya wuce kwana biyu. Kwanon kuma ki cika shi da ruwan zafi tun bai huce ba, ki bar shi ya jiƙa, sukarin zai saki da kansa ba sai kin kankare ba.