Hannuna ƙanana ne, wane saksofon zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni budurwa ce a nan Jidda, na fara koyon busa saksofon da wani alto (matsakaicin saksofon) na aro. Hannuna ƙanana ne sosai, ƙaramin yatsana na hagu ba ya kaiwa madannan ƙasa sai na murɗe hannu, babban yatsana na dama kuma ciwo yake yi har bayan na ajiye. Mai shago ya ce alto na maza ne, in sayi soprano tunda shi ne ƙarami. Kuɗin da na daɗe ina tarawa ne, ina tsoron in zubar da su a banza. Ko dai busar ce ba ta irina ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki ba mai shagon nan ko riyal ɗaya tukuna. Yara 'yan shekara 10 suna busa alto, hannunsu kuwa bai kai naki ba. Ramukan saksofon fata ce ke toshe su, yatsa madanni kawai yake taɓawa, don haka sirantar yatsu ba ta hana komai. Abin dubawa shi ne tazarar madannai da kuma inda nauyi yake sauka.

Maganar soprano ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai an kawo mini ita. Uba ya shiga shago da ɗansa, mai shago ya kalli tsawon yaro, ya kalli kayan da ke rataye, ya ciro mafi gajarta ya ce ga daidai shi, kamar takalmi ake gwadawa. Shi kansa bai taɓa hura ko ɗaya ba. Gaskiya ne madannan soprano sun ɗan fi kusa da juna, kuma a kan sikeli bai kai alto nauyi ba. Daga nan daɗinsa ya ƙare ga mai koyo. Bakinsa ƙarami ne, bututunsa matsattse, saboda haka leɓe ya ɗan motsa kaɗan murya ta hau ko ta sauka. Waɗanda suka shekara da shekaru suna busa tenor (wanda ya fi alto girma) ma idan suka ɗauki soprano sai sun yi ta kokawa kafin su daidaita muryoyin sama. Mai koyo da leɓenta bai yi ƙwari ba, me za ta yi? Cizo. Za ta danne rid, wato siririn karan da ake ɗaurawa a bakin busa, da haƙoran ƙasa ta cikin leɓe don murya ta fita, leɓe ya tsage, muƙamuƙi ya gaji, kuma ta saba da cizon, wanda cire shi daga baya ya fi koyon farko wuya.

Sannan ga abin da ya shafe ki kai tsaye. Miƙaƙƙen soprano ana ɗaga shi gaba ne, nesa da jiki, igiyar wuya ba ta ɗauke masa nauyi sosai. Duk nauyin a kan babban yatsan dama yake sauka, wato yatsan da kika ce yana miki ciwo tun yanzu. An ba ki shawarar ki ƙara wa wurin da ke ciwo kaya. Akwai lanƙwasasshen soprano mai kama da ɗan alto, shi yana rataya a igiya, amma wahalar daidaita murya tana nan yadda take. Kuma soprano mai arha, irin wanda ba a san masana'antarsa ba, wanda ake wa zanen furanni da ruwan zinariya don ya ja ido, sau da yawa ramukansa ma ba a huda su daidai ba. Ki danna daidai, ki hura daidai, murya ta fito a karkace, ki zauna kina zargin kanki. A haka mutane da yawa suka tura akwati ƙarƙashin gado suka ce Allah bai ba su baiwa ba. Littattafan masu farawa da yawancin malamai ma a kan alto suka gina darasinsu. Soprano abin da ake komawa ne bayan baki ya nuna.

Ciwon yatsanki kuwa, ina kyautata zaton igiya ce. Alto ya haura kilo 2, kuma ba aikin yatsa ba ne ɗaukarsa. Ki tsaya sosai, ki saki hannu, ki ja igiyar sama har bakin busa ya zo daidai bakinki ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Aikin babban yatsan dama ya ɗan tura shi gaba ne kawai. Idan wuya na gajiya, ki nemi maɗauri irin mai ratsa kafaɗu biyu. Ƙugiyar da yatsan ke shiga a yawancin na zamani tana da sukuru, ana sassautawa a karkata ta yadda ta dace da hannu. Masu cewa a daure, hannu zai saba, kada ki saurare su. Ciwon da ke bin mutum bayan ya ajiye, ko yatsa ya riƙa yin sanyi kamar ba naki ba, wannan a huta ne a ga likita.

Yanzu ga abin da za ki yi a shago, da hannunki, ba da hoton waya ba. Ki rataya shi, ki ɗora yatsun hagu uku a kan madannan B, A da G (da haruffa ake kiran muryoyi), ki leƙa tafin hannunki. Akwai madannai uku da suka ɓullo a nan, na D, E♭ da F na sama. Mai ƙaramin hannu yakan goge su ba da saninsa ba, rami ya ɗan buɗe kamar kaurin takarda, sai ki ji ƙara ta tsaga kunne. Idan tafinki na taɓa su, wannan ba naki ba ne, ko kuma sai an gyara. Daga nan ki miƙa ƙaramin yatsa zuwa B♭ na can ƙasa. Idan manuniya ta zame daga wurinta, ko wuyan hannu ya lanƙwashe, ki ajiye ki ɗauki wani. Haka a dama, ki zame daga E♭ zuwa C na ƙasa ki ji ko yatsa na maƙalewa.

Ni dai ga mai hannu irin naki na fi karkata ga na Japan. Yamaha YAS-280, ko tsohon YAS-23 idan kin samu na hannu mai lafiya, ba su da nauyi kuma madannansu a tattare suke. Yanagisawa ma yana zama a ƙaramin hannu, sai dai kuɗinsa daban ne. Idan duk sun yi miki faɗi, kamfanin Trevor James na Ingila yana da Alphasax, alto ne da aka cire wa wasu madannan can sama da can ƙasa don yara, amma wata rana za ki nemi muryoyin da aka cire. Ki yi hattara da tsofaffin na Amurka na shekarun 1920 da 1930, irin su Conn da Buescher. Muryarsu akwai daɗi, sai dai ramukansu a layi ɗaya suke, madannan ƙaramin yatsa kuma da tauri. Sai a ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Selmer na Faransa ya karkata layin ramukan ƙasa don ya bi zaman hannu, sauran suka biyo baya. Shi ma Selmer ɗin, Mark VII nasa na shekarun 1970 an san shi da manyan madannan ƙaramin yatsa, suna kada ya ruɗe ki. Idan na hannu ne kika ga an liƙa roba a kan madannan tafi, mai babban hannu ne ya sa, ki ɓanɓare.

Gyara yana yiwuwa. Mai gyaran kayan busa na gaske zai sassauta sifirin, ya ɗan shigar da madannan tafi ciki, sannan ya zura fitila cikin bututu ya duba ko haske na fita ta gefen fata. Amma don Allah a daina kai wa mai walda ko mai gyaran agogo. Tagulla ce, tana da laushi, filaya ta kama madanni ɗaya fatar ta daina zama daidai a kan raminta, muryoyin ƙasa su ɗauke gaba ɗaya. Kuma a zafin Jidda kada ki bar shi a mota, ƙaron da ke riƙe fatun narkewa yake. Ki riƙa goge cikinsa bayan kowace busa, in ba haka ba laimar garin nan za ta sa G♯ ya riƙa mannewa.

Ki tafi shagon da malaminki, ki ɗauki bakin busarki da rid mai lamba 2 (lambar taurinsa take nunawa), ki gwada alto uku ko huɗu a zaune da a tsaye. Mai shagon da ya ce ba a hurawa sai an biya, ki yi masa sallama ki shiga na gaba.