Amsa ga mai shekara 52 da ke son komawa ƙwallo

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya na ga tambayarka: shekararka 52, likita ya auna ya ce jininka ya hau, ya ce ka fara motsa jiki, kai kuma kana son ka koma ƙwallon Lahadi da samarin unguwa tunda ka taɓa bugawa. Na ga wasu har sun ce maka bismillah. Ni dai ka dakata tukuna, don abin da kake shirin yi na riga ka yi, kuma har yau ƙafata ta hagu ba ta yafe min ba.

Ban ga laifinka ba. Garin Kaduna da ya fitar da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal, wa zai ce bai iya taka leda ba? Mu da muka tashi lokacin da Ranchers Bees ke tashe, muka cika filin wasa na Ahmadu Bello a 1999 muna kallon kofin duniya na matasa, kowannenmu gani yake da sauransa. Kai bai manta yadda ake yanke mutum ba, jijiyoyi ne suka manta.

Ina da shekara 47 na koma fili, bayan shekara goma sha biyar daga kujerar ofis sai kujerar mota. Ko minti ashirin ba a yi ba na zabura zan bi wani yaro, sai na ji kamar an jefe ni da dutse a bayan ƙafa. Wallahi har waiwayawa na yi ina neman wanda ya doke ni. Babu kowa. Agara ce ta tsinke. Na ƙara wauta na tafi wajen mai ɗori, alhali ba ƙashi ba ne, sati biyu suka tafi a banza. Ƙarshe sai da aka yi min aiki a asibiti, na yi watanni ina dogara sanda, tumbin da na fita in rage ya ninka.

Abin da ya tashe ni tattaki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Kar ka fara da rabin awar. Bayan Asuba ka sa kambas, ba silifas ba, ka yi minti goma ka dawo, duk mako ka ɗan ƙara. Ma'aunin saurin shi ne ka yi ɗan haki da gumi amma kana iya hira da na gefenka. In magana ta gagara, ka rage. Sau biyu a mako ka haɗa da abin da zai riƙe tsoka: tashi ka zauna a kujera sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, ka tura bango da hannuwa. Kar ka riƙe numfashi in kana yunƙuri, wannan yana ƙara ɗaga jini.

Maganin da aka rubuta maka kar ka ajiye shi don ka fara tafiya. Na san wanda ya ga awo ya sauko ƙasa da 140 bisa 90 ya ce ya warke, ya watsar; bai ji da daɗi ba. Likitan ne zai rage da kansa. In kuwa ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, tsaya nan take ka nufi asibiti.

Wahalar farko ba a ƙafa take ba, bakin mutane ne. Makon da na fara, mota uku suka tsaya min a titin Ali Akilu: "Alhaji lafiya? Motar ce ta lalace? Shigo in rage maka hanya." Ka yi godiya ka wuce. Da hunturu ka bari rana ta ɗan ɗaga saboda ƙura da sanyi, da azumi kuma bayan Tarawihi ya fi min sauƙi.

Ka ja uwargida ku fita tare, tawa ita ce yanzu ke tashina. Yara kuwa awa ɗaya ake so su yi suna guje-guje kullum, ka bar su su yi langarsu.

Ƙwallon ban ce ka haƙura ba. In ka yi wata uku ko huɗu kana tattaki, likita ya yarda, nemi tsaranka masu furfura, ƙaramin fili, a ɗumama jiki minti goma kafin a fara, kuma ba a bin ɗan shekara ashirin.

Ranar Asabar da sassafe mukan zagaya Dandalin Murtala. In ka ga wani dogo yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, ni ne, ka yi min magana.